Malam Doya na Unguwar Turaki

Duk wanda ya san layin teloli na kasuwar Jalingo ya san Malam Hashim, ko da bai taɓa kai masa ɗinki ba. Shagonsa ne na ƙarshe kafin a karya kwana zuwa wajen masu hatsi, kuma shi kaɗai ne telan da ba a jin rediyo a wurinsa. Dogo ne siriri, fuskarsa kullum a ɗaure. Idan ka kawo yadi sai ya auna ka, ya faɗa maka ranar da za ka dawo, ya mayar da hankalinsa kan keken ɗinkinsa. Ba ya saɓa rana, ba ya kuma tsayawa hira. Sauran teloli Alƙali suke kiransa a bayan idonsa.

Mahaifinsa daga Kano ya zo da fataucin yadi, tun kafin garin ya zama babban birnin jiha. Ya gina gida a Turaki, ya yi wa 'ya'yansa tarbiyya irin ta da, wadda yaro ba ya buɗe haƙora a gaban uba. Da tsohon ya rasu, babban ɗansa ya gaji wurinsa da halinsa. Shi ne Alhaji Maishanu, wanda cinikin shanu ya ba shi sunan har aka manta na yanka. Hashim ne ƙaraminsu, kuma ko da furfura ta fara fito masa, bai taɓa zama a kujera ba matuƙar yayansa na tsaye.

Matarsa Furera 'yar garin Abbare ce, iyayenta Zazzagawa. Ta taso a gidan da ake wasa da dariya, shi ya sa a farkon aurensu ta ɗauka ba ya son ta. Sai daga baya ta gane haka Allah ya yi shi. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa barin gidan ba abinci ba, amma a shekara ashirin da 'yan kai da suka yi tare ba ta taɓa jin ƙarar dariyarsa ba. Ta saba. Ta riƙe sana'arta ta zoɓo da kunun aya, ta yi renon 'ya'yansu, har babbar 'yarsu Khairiyya ta gama kwalejin horar da malamai, aka sa ranar aurenta da wani saurayi mai suna Suhail. Da a lokacin wani ya ce wa Furera akwai abin da ba ta sani ba game da mijinta, da ta ce ya je ya sake bincike.

A shekarar ne wani ɗan barkwanci mai suna Jabir ya tayar da garin. Da ma an san shi a waya, yana kwaikwayon 'yan kamasho da masu wa'azin magani a tasha. Sai kawai ya fitar da albam na waƙoƙi, alhali shi da kansa yana faɗa cewa muryarsa ta fi kama da ta bunsuru. Sunan albam ɗin Doya Ta Fi Saurayi. Akwai waƙar akuyar da ta cinye katin biki, akwai ta mai keken haya da kekensa ya yi yaji, amma wadda ta kama gari ita ce ta doya. Hausa ce aka cakuɗa da Fulatanci da ɗan Mumuyanci, amshinta kuwa har yara ƙanana sun haddace:

Doya ba ta kashe waya,
Doya ba ta ce gobe,
In ka dafa ta ta nuna,
Saurayi kullum ɗanye.

Abin da ya fi waƙoƙin tashe shi ne bidiyonsu. A kowanne akwai wata ƙatuwar doya mai tsayin mutum, da hannuwa da ƙafafu da gemu, tana rawa. Malam Doya ake ce masa. Ba ya magana, ba a taɓa ganin fuskarsa ba, Jabir kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce a wata gona ya haƙo shi can wajen Zing, garin manoman doya.

Furera ta daɗe tana jin waƙar a bakin yara, amma ba ta ga bidiyon ba. Abin da ta sani shi ne ranar da aka taru a gidan Alhaji Maishanu don shirin biki, Alhaji ya yi dogon faɗa a kan lalacewar zamani, ya ce ƙato da hankalinsa ya shiga buhu yana tsalle, ya kuma ce kada ya ji wannan shirme a bikin 'yar gidansu. Malam Hashim na zaune a ƙasa kusa da shi, ya ce, "Allah dai ya shirya."

Wata ranar Asabar da hantsi maƙwabciyarta Rebeka ta shigo sayen zoɓo. Rebeka 'yar Mumuye ce, malamar firamare, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma sun shaƙu tun yaransu na rarrafe. Ta shigo tana dariya da waya a hannu.

"Maman Khairiyya, kin ga wannan sabon bidiyo? Zo ki gani, doyan nan ya fi mutane iya rawa."

Furera ta goge hannu a zani ta karɓa. A yashin rafin Mayo Gwoi aka ɗauki bidiyon, lokacin da ruwa ya ja baya. Jabir na gefe da tabarau yana ihu cikin makirfo, 'yan mata na tafi, sai ga doyar ta shigo tana rangaji kamar mai jin kunya. Da ganga ta ɗau zafi sai ta saki jiki. Ta karkaɗa kafaɗa, ta yi ƙasa har gemunta ya taɓa yashi, ta taso da juyi. Furera ta yi dariya har da riƙe ciki.

Sai mai ɗaukar hoton ya sauke kyamara kan ƙafafun. Ba takalmi. A idon sawun dama akwai wani tabo mai faɗi, mai siffar gindin dutsen guga.

Ta daina dariya. Ta san tabon nan. Suna amarci dutsen guga na gawayi ya faɗo daga tebur ya sauka a ƙafar mijinta, ita ce ta yi ta wanke ciwon tana shafa masa zuma har ya warke. Ga kuma babban yatsan da ya ɗan karkace, ga yadda ƙafar ke danna ƙasa da gaba sannan da dunduniya, irin ta wanda ya shekara da shekaru yana taka keken ɗinki.

"Mayar mini baya kaɗan," ta ce.

Rebeka ta mayar. Tabon na nan.

"Lafiya? Fuskanki ya canza."

"Jiri ne. Tun safe ban karya ba."

Ta zuba wa Rebeka zoɓon, ta raka ta ƙofa, ta dawo ta zauna a kan turmi. Abin ya fi ƙarfin kuka, ya fi ƙarfin dariya. Ta yi ta ce wa ranta mutum nawa ne dutsen guga ya ƙona a garin nan. Da Malam Hashim ya dawo da yamma ya tsuguna yana alwala, ta tsaya daga bakin madafa tana kallon ƙafarsa kamar yau ta fara ganin ta. Ya ci tuwonsa shiru kamar kullum, ya tambayi yara karatu kamar kullum. Ƙaramin ɗansu ya soma rera amshin doya, uban ya ɗago ido ya dube shi, yaron ya haɗiye waƙar.

Sai ranar Litinin, bayan yara sun tafi makaranta Khairiyya ta fita, ta same shi yana sa hula zai tafi kasuwa.

"Malam, ina da tambaya."

"Ina ji."

"Na ga bidiyon Mayo Gwoi. Na ga ƙafar."

Ya tsaya da hular a hannu. Ta yi fatan ya ɓata rai, ya ce wane irin zancen banza ne wannan, da ta ba shi haƙuri da murna. Sai ya zauna a bakin gado ya ce, "Ni ne."

Ta zauna a ƙasa.

Ya ba ta labarin da muryar da yake faɗa wa mai ɗinki ranar dawowa. Jabir ya zo shagonsa ne neman wanda zai ɗinka rigar doya, bayan teloli da dama sun kore shi. Shi kuwa aikin ya ba shi sha'awa. Ya samo soson katifa da yadi ruwan ƙasa, ya yi wa wajen ido raga, ya haɗa kan da jikin da maɓallai. Ranar ɗaukar bidiyon farko ya kai rigar da kansa don ko za ta buƙaci gyara. Saurayin da aka samo ya shiga, zafi ya dame shi, ya kasa ko ɗaga ƙafa, ya fito yana amai. Hashim ya ce rigar ba ta da laifi, bari ya nuna musu yadda ake tafiya da ita. Ya shiga. Aka saki kiɗa.

"Daga nan ban san me ya faru ba," ya ce. "Da na fito na ga duk sun yi shiru suna kallona."

"A ina ka koyi rawa?"

"Ban koya ba. Muna yara idan Mumuye na bikinsu ko Fulani na wasa, nakan laɓe in kalla. In na dawo in shiga bayan gida in gwada. Ba wanda ya taɓa gani."

"Ni ma ban taɓa gani ba."

"Ke ma."

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta tambaye shi me ya sa bai tsaya a bidiyo ɗaya ba. Ya daɗe yana juya hular kafin ya ce a cikin rigar nan ba wanda ya san shi ɗan wane ne ko ƙanin wane ne, kuma bai taɓa sanin jiki na iya yin sauƙi haka ba. Jabir ya rantse ba zai faɗa ba, ya kuma sa yaransa sun rantse.

Furera ta ce, "Biki ya matso, Malam. Ka rufa mana asiri har a kai yarinyar nan ɗakinta."

Ya ce to. Ya kuma cika, ya daina ɓacewa da rana da sunan kai ɗinki.

Khairiyya ce ta rushe shirin ba tare da ta sani ba. Ana saura 'yan kwanaki, tana tsakar gida tana wa ƙawarta waya, mahaifinta na ɗaki. Ta ce ita ba ta damu da lefe ba, ba ta damu da mota ba, abu ɗaya ta roƙi Suhail, ya kawo mata Malam Doya wajen wunin biki. Suhail ya je, Jabir ya ce shi zai zo ya yi waƙa amma Malam Doya ba shi da lafiya. Ta ce ranta ya ɓaci ƙwarai, don duk ranar da take cikin damuwa bidiyonsa take kallo.

Washegari da safe Hashim ya ce wa Furera, "Zan je."

"Ina?"

"Wunin. A cikin rigar."

Ta dube shi kamar ya yi wani yare. "Bikin 'yarka? Ka ɗaura mata aure da safe, da yamma ka yi mata rawa a gaban surukai?"

"Ba wanda ke neman uban amarya a wajen wuni. Zan sa safa."

"Malam, ka dubi Allah."

"Tun da aka haife ta ban taɓa yin abin da ya ba ta dariya ba, Furera. Ashe ina yi ban sani ba. Gidan wani za ta."

Ta juya ta nufi madafa.

Ranar biki da safe aka ɗaura aure a ƙofar gida, Alhaji Maishanu ne waliyyi, Malam Hashim na gefe cikin farar babbar riga da fuskarsa ta kullum. Bayan la'asar mata suka cika wani ɗakin taro da aka kama. Furera na zaune a kujerar uwar amarya, tsakanin Rebeka da mahaifiyar ango, gumi na bin bayanta duk da fanka. Jabir ya yi waƙar akuya, ya yi ta mai keke, sannan ya ce yana da baƙon da ya taso daga gadon asibiti saboda amarya.

Ɗakin ya kaure. Doyar ta shigo da rangajinta, da baƙar safa a ƙafa. Khairiyya ta miƙe ta manta da lulluɓi, tana tsalle tana riƙe da hannun ango. Malam Doya ya zagaye ta, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi kamar yana share hawaye da gemu, sannan ya saki rawar da ta fi ta bidiyo. Furera ba ta taɓa ganin abin a fili ba. Ta ga yadda kafaɗun ke amsa ganga, ta ga yadda jikin nan da ta sani a sandare yake lanƙwasa, ta rasa ko kunya take ji ko wani abu dabam. Mahaifiyar ango ta taɓa ta tana dariya ta ce, "Ko waye a ciki, matarsa ta more."

Ana cikin haka kiɗa ya yanke. Wani ya kai wa Alhaji Maishanu labari, ga shi tsaye a ƙofa da sandarsa, shi ne ya ce a kashe kiɗan. Ya tako tsakiyar fili, mata na darewa.

"Ban ce kada in ga wannan ba?" ya ce. "A bikin gidanmu?"

Jabir ya matso yana ba da haƙuri, Alhaji ya ture shi da sanda. Doyar ta tsaya cak, hannuwa a gaba, kai a sunkuye. Furera ta gane tsayuwar, ita ce yadda Hashim ke tsayawa gaban yayansa. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafarta ta harɗe da mayafi.

"Bari in ga ɗan gidan waye mara kunyar nan."

Ya kama gemun ya fizga. Maɓallan suka ɓalle, kan ya fito a hannunsa.

Fuskar Malam Hashim ce, jiƙe da gumi, da tsumma ɗaure a goshi. Ɗakin ya yi shiru har ana jin ƙarar fanka. Rebeka ta damƙe hannun Furera. Mahaifiyar ango ta juyo a hankali ta dube ta.

"Hashimu?" Alhaji ya ce, muryarsa ta koma ƙarama.

"Na'am, Yaya."

Alhaji ya dubi kan doyar da ke hannunsa, ya dubi ƙaninsa, ya sake duban kan. Sandar ta suɓuce masa. Ya laluba kujerar da ke kusa ya zauna. Wayoyi kuwa duk suna sama.

Khairiyya ta tako har gaban mahaifinta. Ta ce, "Baba," sai ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa, ba wanda ya iya cewa kuka take ko dariya. Furera ta samu ta miƙe. Ta ratsa fili, ta tsuguna gaban Alhaji ta karɓi kan doyar da hannu biyu, ta kama hannun mijinta a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba, ta fita da shi ta ƙofar baya. A can ta kwance masa sauran maɓallan, ta ba shi ruwa.

Kafin a kai amarya bidiyon ya zagaye gari. Washegari layin teloli ya cika da masu zuwa kallon Alƙali. Wasu dattawa suka zo suka karɓe yadinsu ba a ɗinka ba, wasu suka daina amsa masa gaisuwa a masallaci. Samari kuma suka yi ta kawo ɗinki don kawai su ce shi ya yi musu. Ya auna kowa da fuskarsa ta da. Furera ta fi mako ba ta leƙa waje ba, sai Rebeka ce ke sayar mata da zoɓo ta kan katanga. Abin da ya sa ta sami barci shi ne zuwan mahaifin Suhail, wanda ya ce mutumin kirki ne ya ba ɗansa 'ya, bai ga abin da ya canza ba.

Khairiyya ta daɗe ba ta iya haɗa ido da mahaifinta. Ta gaya wa Furera cewa ta goge bidiyoyin daga wayarta, sannan ta sake sauke su, kuma yanzu idan ta kalla kuka take yi. Jabir ya zo da shawarar albam na biyu, wanda za a nuna fuskar Malam Doya tun da kowa ya sani. Hashim ya ce zai yi rawa, amma da kan a rufe, in ba haka ba ƙafarsa ba za ta ɗagu ba. Ya dubi Furera kafin ya amsa. Ta ce ita dai a riƙa gaya mata ranar.

Alhaji Maishanu ya ɗauke ƙafa daga gidan har damina ta wuce. Hashim na zuwa gaishe shi kowace Juma'a, a ce masa yana barci. Sai gab da Sallah, wata safiya, aka yi sallama, ga Alhaji da shadda a hammata. Bai kai shago ba, gida ya kawo. Furera ta shimfiɗa masa darduma, ta kawo kunu, ta koma bakin ƙofa. Hashim ya ɗauko magwaji ya fara auna shi, kafaɗa, hannu, tsayi. Da ya zo wuya, Alhaji ya yi gyaran murya, idonsa na kan bango.

"Abin nan," ya ce. "Ba zafi a ciki?"

"Akwai zafi, Yaya."

"Ta ina kake numfashi?"

"Akwai raga a wajen ido."

Alhaji ya gyaɗa kai. Can ya ce a ƙara buɗe ragar, mutum ba yaro ba kada ya je ya faɗi. Sannan ya ce wuyan rigarsa kada a matse shi kamar na bara, ya shanye kununsa, ya tafi kasuwar shanu.